Sojan da Ya Durƙusa

A shekarar da masu fim suka zo Garwa daga Yawunde don ɗaukar labarin aikin tilas na zamanin Faransawa, babu wanda ya kai Jafaru mai atamfa rawar kai. An ba shi jar hula da takalmin soja da bulala, wai shi ne sojan Nasara mai kora mutane gonar auduga. Kafin a fara komai ya gama zaga kasuwa da hular, har ya yi wa matarsa Zuwaira alkawarin kujerar gaba a silima.

Ranar ɗauka aka taru bakin kogi. Nicolas, mai ba da umarni, ya nuna masa wani tsoho cikin tsumma wanda ya ba su baya.

"Ka finciko shi, ka daka masa tsawa, ka ɗaga bulala. Aksiyon!"

Jafaru ya taka da ƙarfi, ya kama kafaɗa. Tsoho ya waiwayo. Ashe Alhaji Iliyasu ne, uban Zuwaira, wanda ya shigo wasan a ɓoye don kada matansa su yi masa dariya.

Kowa ya san mutum ba ya haɗa ido da surukinsa, balle ya tsaya masa a kai da takalmi. Jafaru ya yar da bulala, ya kwance takalman nan, ya durƙusa.

"Baba, an wuni lafiya?"

"Kupe! A tsaya!" Nicolas ya dafe kai. "Malam Jafaru, soja ne kai!"

"Soja ne ni, amma surukina ne shi."

"To a karɓi hular a ba wani."

In aka karɓe, 'yan kasuwa za su yi ta kiransa kumanda har ya mutu. In ya ɗaga bulala kuwa, ga Zuwaira can cikin 'yan kallo ta riƙe ƙugu.

"Kai, yaro, bugi mana," in ji Alhaji. "Rana na cin mu."

"Baba, a yi haƙuri."

Aka sake. Ya zo da gudu yana muzurai, yana isa gwiwoyinsa suka kai ƙasa da kansu. Wannan karon Nicolas ya yi wa mai kyamara alama ya ci gaba.

Da fim ya fito, an ce a Yawunde har da masu hawaye, wai ga sojan da kishin ƙasa ya sa ya yar da bulalar Nasara. A Garwa kuwa, ana zuwa wurin durƙuson, silima ta kece da dariya, wata ta ɗaga murya daga baya, "Kunyar suruki ce, wallahi!"

Zuwaira tana kujerar gaba. Ta gyara ɗankwali, ta waiwaya.

"Eh, ita ce. Naki mijin ya yi mu gani."