Ranar da Manya Suka Zo Kanti

Tun da aka kawo sabon manaja, masu karɓar kuɗi a babban kantin suka daina zama. Ya ce kujera tana sa ma'aikaci ya yi kama da wanda ya zo hutu, aka kwashe su duka. Kullum kafin a buɗe ƙofa sai a jera ma'aikata a gaban firjin madara, a tafa, a ce da murya ɗaya, "Mu iyali ɗaya ne." Dogo mai jera kaya yakan ƙara a ƙasan maƙoshi, "Amma ba a rabon gado da mu."

Maman Biyu ta daɗe tana karɓar kuɗi a wurin, ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Ran nan 'yan biyunta mata za su yi wasan kwaikwayo a makaranta bayan azahar. Ita ta ɗinka musu kayan wasan da hannunta, ɗaya likita, ɗaya bishiya. Tun satin da ya wuce ta nemi izinin tashi da wuri, manaja ya ce ba damuwa, idonsa na kan waya.

Da safen, bayan an gama tafi, ya sanar cewa manya daga hedikwata za su zo, don haka ba mai fita.

Ta bi shi har bakin ofis. "Yallaɓai, ka yi mini alkawari."

"Lokacin ban san za su zo ba. Kuma ki saki fuska, kin ɗaure ta kamar an yi miki mutuwa."

Ta koma wurinta. An ce manyan da hantsi za su iso, hantsi ya wuce. Tana ɗaukar kaya tana gogawa a na'ura, idonta na kan agogon bango. In ta dogara a ƙafar dama ta gaji, ta koma ta hagu, takalmin ya matse ta kamar na aro. Wayarta na kulle a ɗakin ma'aikata, kuma ta san mijinta yana ta kira. Ta goga sabulun wani dattijo sau biyu, sai da ya ce, "'Yata, guda ɗaya na ɗauko," ta ba shi haƙuri. An goge ƙasa, an sake gogewa. Manaja ya sa Dogo ya rushe tulin gwangwanayen da ya jera ya sake wani, wai na farkon bai yi fara'a ba.

Azahar ta gota sannan suka shigo, wata mata mai tabarau a gaba, manaja na biye yana dariyar abin da ba a faɗa ba tukuna. Matar ta tsaya daidai wurin Maman Biyu.

"Sannu 'yar'uwa. Yaya aikin?"

Lafiya lau ta yi niyyar cewa. Sai ta ji bakinta ya kama wata hanya.

"Ranki ya daɗe, ƙafafuna sun kumbura, tun safe ban zauna ba. Banɗaki ma sai mun roƙa. Yarana suna can suna wasa a makaranta, an ba ni izini an janye saboda zuwanku."

Matar ta gyaɗa kai a hankali. "Mun gode, irin wannan muke so mu ji." Ta juya ta tambayi manaja dalilin da ya sa aka ajiye man girki nesa da ƙofa, suka wuce.

Maman Biyu ta sallami wanda ke gabanta, ta kulle aljihun kuɗi, ta miƙa wa mai kula da layi makulli. Anti, mai gasa biredi a kantin, ta riƙo mayafinta.

"Ina za ki, ƙanwata? Ki tuna da yaran nan."

"Su nake tunawa, Anti."

Motar haya ta maƙale a cunkoso, ta sauka ta ƙarasa da ƙafa. Ta tarar ana tattara kujeru. Mijinta na tsaye a bakin aji, likita na riƙe da hannunsa, bishiya ta juya baya, ganyen kwalinta ya karye.

"Mama, kin makara," in ji likita. "Amma za mu sake miki."

Da ƙyar aka lallashi bishiya. A kan matakalar aji suka sake wasan, babansu ya kwanta a matsayin mara lafiya yana nishin ƙarya, har mai gadin makaranta ya tsaya kallo. Ta yi dariya har da hawaye, amma tana tunanin gobe.

Ba a kore ta ba. An mayar da ita filin ajiye motoci, tana tattara kekunan sayayya a cikin rana. Ma'aikata suka riƙa gaishe ta da ido kawai, sai in manaja ba ya kusa. Ba a jima ba aka yi masa ƙarin girma zuwa wani reshe, wanda ya gaje shi ya ce zai duba maganarta, bai duba ba. Ta shiga bin shaguna a ranar hutunta, har ƙanwar mijinta ta samo mata gurbi a wani kantin magani, albashi ƙasa da na nan.

Ranar da za ta tafi, Anti ta ja ta bayan tanda ta raɗa mata, "In an sami wuri, ki tuna da ni." Dogo ya tare ta a bakin sito da irin wannan maganar. A ƙofar fita mai gadi ya buɗe mata jaka kamar kullum, ya leƙa, ya mayar mata, sannan ya duba hagu da dama.

"Can ɗin," ya ce, "ba sa neman mai gadi?"