Wayar da Aka Ajiye a Kan Tabarma

A ƙauyensu na ƙasar Sandamu, in maƙwabta suka saɓa kan iyakar gona, ko miji da mata suka kai har an fara tattara kwanuka, Malam Nu'uman Auta ake aika wa. Ba wani babba ne ba a shekaru, amma Allah ya ba shi baki. Zai zauna ya naɗe ƙafa, ya bar kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, sannan ya jawo aya, ya haɗa da 'yar raha, sai ka ga an tashi ana musafaha.

Duk karatunsa da Larabci ya yi shi. Da ya samu gurbin ƙaro ilimin shari'a a Malesiya, sai aka ce ba zai shiga jami'ar ba sai ya fara zama a makarantar koyon Turanci. Haka ya tsinci kansa a Kuwala Lamfur, a wani bene da ke saman shagunan sayar da waya, cikin ajin 'yan farko, tsakanin 'yan matan Koriya da samarin Yaman. Garin ba ya hutawa. Jirgin ƙasa na wucewa ta saman kai, masu suyar taliya na buga kasko a bakin titi, ruwan sama kuwa ba ya sallama. Shi da ake yin shiru in ya yi gyaran murya, a nan sai ya yi gumi kafin ya faɗi abin da ya karya kumallo da shi. Malamarsu, wata 'yar Indiya mai haƙuri, takan tsaya tana gyaɗa kai har ya kai ƙarshen jimla.

Yana cikin wannan fama, ran nan bayan an tashi aji, sai ga kiran mahaifiyarsa, Inna Murjanatu. Ko gaisuwa ba ta bari sun gama ba.

"Auta, shanun kawunka sun shiga waken baffanka."

Kawu Hamma yayanta ne, makiyayi, rugarsa na bayan gari tun kafin a haifi Nu'uman. Baffa Badaru kuwa ƙanen marigayi mahaifinsa ne, shi ne babba a gidan yanzu. Inna ta ce shanun sun cinye gefe guda na gonar, 'ya'yan Baffa suka fito da adda suka sare saniya mai ciki, ta mutu a wurin. Baffa ya tsaya a tsakar gida, a gaban matan 'ya'yansa, ya ce daman tun ranar da aka auro 'yar ruga gidan nan bai ga alheri ba.

"Ni ya faɗa wa haka, Auta. Ni da na yi jinyar uwarsa har ta cika."

"Ki yi haƙuri, Inna. Zan yi musu magana."

"Ta ina?" in ji ta.

Ya so ya taho gida. Ya je ofishin makarantar, ya haɗa kalmomin da yake da su, da hannu da ido, har matar da ke ofishin ta gane. Ta nuna masa cewa fasfonsa na wurin hukumar shige da fice ana buga masa izinin zama, ba mai iya karɓo shi sai sun gama. Ya tambaye ta yaushe. Ta buɗe tafukan hannunta.

Sai ya roƙi yayansa Zailani, in an zauna a ƙofar mai gari, ya kira shi ya buɗe muryar wayar kowa ya ji. Hantsin gida la'asar ce a can. Nu'uman ya nemi izini ya fita daga aji, ya zauna a kan matakalar bene, ya naɗe ƙafa kamar yadda ya saba. Zailani ya ce, "Ga ka nan a kan tabarma, tsakiyarsu. Yi magana."

Ya yi sallama, ya gaida mai gari, ya gaida Baffa da Kawu kowa da sunansa na girma. Ya fara da zumunci, ya tuna musu shekarar da damina ta yi gardama, nonon rugar Kawu ya riƙe yaran gidan Baffa, karan gonar Baffa ya riƙe shanun Kawu. Yana jin maganar na fita daidai, irin yadda ta daɗe ba ta fita ba. A daidai nan masu bikin buɗe wani shago a ƙasa suka saki ganguna da kuge, jirgi ya bi ta sama, benen ya ɗauki rawa. Ya toshe kunne ɗaya ya ci gaba. Ya jima yana zuba kafin ya lura shiru ya yi yawa. Wayar ta daɗe da katsewa.

Da ya sake samunsu, hayaniya ya tarar. Ba ya ganin fuskar kowa, bai san wa ya miƙe ba, bai san wa zai kama wa hannun riga ba. Ya yi ta kiran "Baffa! Baffa!" Can ya ji muryar dattijon kusa da wayar.

"Kai da ka tafi koyon yaren Nasara, me ka sani a kan wakena? Ana ta kiɗa a bayanka kana mana wa'azi. Zailani, ɗauke abin nan. Alƙali ya raba mu."

Muryar Kawu Hamma kuwa, wayar ba ta kawo ta ba.

Aka je kotun shari'a a Daura. Alƙali ya sa aka ƙiyasta ɓarnar wake, aka ƙiyasta saniya, kowa ya biya abin da ya hau kansa. Zailani ya ce a bisa doka an gama, amma a bakin kotun ko kallon juna ba su yi ba. Nu'uman ya yi ta kiran Baffa, ba ya ɗauka. Kawu kuwa ba shi da waya.

Bayan an gama girbi, wata ranar Laraba ana hutun rabin aji, Zailani ya kira shi. Kawu ya tashi rugarsa, ya kora shanu ta Mai'adua, ya haye Nijar wurin danginsu.

"Inna fa?" in ji Nu'uman.

Zailani ya ce, "Ta bi shi. Na riƙe ƙullin kayanta, ta ce in sake ta. Ta ce ba za ta ƙarasa tsufanta a gidan da ake kiranta baƙuwa ba."

"Ba ni ita."

"Sun tafi tun jiya, Auta. Ta bar wayarta a kan gadonta."

Nu'uman ya tsaya jikin taga. A ƙasa mutane na tsallaka titi da lemominsu, kowa na sauri. Wani ɗan Yaman da suke zama benci ɗaya ya leƙo ya ce masa an koma. Ya shiga ya zauna. Malama ta raba su biyu-biyu, ta ce yau za a koyi yadda ake tambayar hanya in mutum ya ɓata a gari. Abokin zamansa ya karanto tasa tambayar, ya ɗago yana jiran amsa. Nu'uman ya dubi littafin, ya sa yatsa a kan layin, ya fara haɗa baƙaƙen a hankali.