Shokozobar Malam Hamisu

Malam Hamisu ya ɗaga guduma ke nan zai ƙara wa bututun ƙarfen duka na uku, sai murya ta fito daga zauren maƙwabcinsa.

"Tela, ajiye gudumar nan! Tun daga nan nake jin kukan ƙarfen."

Malam Ya'u ne, tsohon bakaniken babura na Ƙofar Kuyambana. Wata biyu ke nan yana kwance da ciwon hanta, har asibiti sun ce a dawo da shi gida. Jiki ya tafi, amma kunne da baki suna nan daram.

Hamisu ya ji kunya ƙwarai. Shekara ashirin da ɗoriya shi ke goya Malam Ya'u zuwa masallacin Juma'a a kan tsohon mashin ɗinsa. Satin jiya ya faɗa rami, shokozobar gaba, bututun nan mai shanye girgiza, ta lanƙwashe. Ga shi Malam Ya'u ya kafe sai an kai shi Juma'ar nan, kuma ba zai shiga keke mai ƙafa uku ba, wai shi ba buhun masara ba ne. Yau Laraba. Hamisu ya sayo sabuwar shokozoba a Ƙofar Doka, ya ce bari ya ɗaura da kansa, don ba a kai wa marar lafiya aiki. Mutumin da bai san komai ba sai allura da zare!

Ya tura mashin har cikin zauren. Fauziyya, 'yar Malam Ya'u, ta tallafo mahaifinta ta jingina shi da filo.

"Sunansu ɗaya fa, Malam," in ji Hamisu. "Kamfani ɗaya. Muntasir mai kayan gyara ya ce za ta shiga."

"Ni da ɗan ƙanena ma sunanmu ɗaya, sa min hularsa ka gani. Naka ƙirar dubu biyu da huɗu ne, wannan kuwa ta bana ce. Ba ni zare."

Hamisu ya zaro zare daga aljihu. Tsohon ya naɗa shi a tsohon bututun, ya ƙulla, ya kai kan sabon. Zaren bai haɗu ba, saura kamar kaurin farce.

"Ka gani? Sun ƙara mata ƙiba. Mayar masa. Ka ce ya tono maka ta dubu biyu da takwas, ko ta hannu ce. Kaurinsu ɗaya da taka, sai dai ta fi tsawo da yatsa biyu. Ka turo rarar ta leƙo ta sama. Sifirin kuma, murɗaɗɗen ƙarfen nan na ciki, ka sa naka na da, kada ka yarda da nata. Man da za ka zuba mata, gwangwanin madara ɗai-ɗai kowane gefe."

"Baba, ka huta mana," in ji Fauziyya.

"Hutun ke nan nake yi."

Muntasir ya yi ta ƙunƙuni, amma da ya ga zaren ya ji daga wanda ya fito, sai ya shige bayan shago ya kwashe rabin yini yana tono. Ranar Alhamis da hantsi aka ɗaura, Malam Ya'u yana kwance yana ba da umarni yana tsiya. Bututun ya zura lafiya lau, ko dukan tafin hannu bai nema ba. Daɗi ya kama Hamisu har ya rasa inda zai sa kansa.

Bayan la'asar tsohon ya ce a ɗora shi a kan mashin.

"Juma'a ai gobe ce, Malam."

"Aikin da ba a gwada ba, wa ya ce an gama?"

Fauziyya ta kawo rawani ta ɗaure shi a bayan Hamisu. Suka bi lungu a hankali, suka fita ta ƙofar gari, suka bi gefen ganuwa. Duk inda suka wuce sai an ɗaga hannu, "Malam Ya'u, ashe jiki ya yi kyau!" Shi kuwa ya kwantar da kunnensa a gadon bayan Hamisu, bai kula kowa ba.

"Bi ta kan wancan kwazazzabon."

Hamisu ya bi. Gaban mashin ya nutse ya taso a natse.

"Alhamdu lillahi, ta zauna," in ji tsohon, yana dariya ƙasa-ƙasa. "Amma ka cika wa ta hagu mai. Cokali guda, Tela."

"Zan rage."

"Bari sai gobe. Zaga da ni ta Ƙofar Doka tukuna."

Suka zaga. Hamisu bai taɓa jin daɗin tuƙi irin na ranar ba, duk da yana jin yadda mutumin ya koma ba nauyi.

Washegari da hantsi Fauziyya ta yi sallama a ƙofar gidansa. Da ya ga fuskarta bai tambaya ba. Ta ce mahaifinta ya sha kununsa, ya tambaya ko an goge mashin, ya juya ya fuskanci alƙibla, shi ke nan. An sallace shi bayan an sauko daga Juma'a, sahu har kan titi. Hamisu ya yi kuka, amma zuciyarsa ba ta yi ƙunci ba, domin an samu an yi yawon nan.

Da yamma, bayan masu ta'aziyya sun ragu, ya fito da mashin ƙofar gida. Ya aika a kawo masa cokalin shayi daga ciki, ya kwance murfin bututun hagu, ya tsoma tsumma ya matse man a cokalin har ya cika, ya mayar da murfin. Ya kama kan mashin ya danna. Gaban ya sauka ya taso, shiru. Ya juya wajen zauren maƙwabcinsa da cokalin a hannu, ya daɗe a tsaye.