Ƴar Hudar Bangon Manu Magini

Dutsen farko a ƙyauren maƙwabta ya sauka, na biyu ya fasa tulun bakin rumfa. Na saki ludayin fura na sheƙa gidan Manu magini, ko mayafi ban tsaya ɗauka ba. Katanga ɗaya ta raba mu shekara ashirin da ɗoriya, a bakin kasuwar Matameye.

Na tarar tsakar gidan ba masaka tsinke. Lawwali mahauci ne a gaba, ya saɓo ƴarsa A'ishatu a kafaɗa, zazzaɓi ya mayar da ita kamar tsumma. Rahamatu, ƴar Manu tilo, ta tokare ƙofar ɗakin ubanta da hannu biyu.

"Matsa ki ba ni wuri!" in ji Lawwali. "Ya fito ya tsallake ta, ya sakar mini kurwar ƴata!"

"Ya fito da wace ƙafar? Wata huɗu ke nan bai taka ƙasa ba, kai ma ka sani!"

A garinmu in aka ce mutum maye ne, sai a sa shi ya tsallake mara lafiya don kurwar da ya kama ta koma. Wanda ya tsallake kuwa ya amsa laifi ke nan. Ranar da ya mutu masu wanka za su noƙe, sahun jana'iza ya zama mutum biyar. Kuma abin jini yake bi. Rahamatu ma ba mai sake cin tuwon hannunta. Ga Manu kwance, kowa ya san kwanansa ya ƙare.

Daga kan bango ya faɗo, lokacin da Nasara suka sa aka tara magina aikin dole don gina musu masauki. Ƙugu ya karye, ciwon kai kuma ya hana shi jure haske. Rahamatu ta rufe ƙofar ɗakin da tabarma da bargo, ya zama duhu ƙirin. Sai dai a bangon da ke kallon kasuwa akwai wata ƴar huda da turken rataye ya bari, ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Da hantsi ya yi, sai kasuwa gaba ɗaya ta fito a ɗaya bangon mai farar ƙasa, jakuna da mata da buhuna, kowa kai ƙasa ƙafa sama. Shekaranjiya Salamatu matar Lawwali ta shiga dubiya, ta ga ƴarta tana tafiya a bango da faifan talla. Da maraice zazzaɓi ya kayar da yarinyar.

Ni ma na taɓa gani, ba zan ɓoye ba. Tun ranar ban sake shiga ba, a bakin ƙofa nake miƙa furar in juya.

"Ku dakata! Ga Liman!"

Malam Idrisa ya ratso mutane da sandarsa. Ya saurari Lawwali, ya saurari Rahamatu, sannan ya ce zai gani da idonsa. Ya dube ni.

"Baiwa, ke ce maƙwabciya. Biyo mu."

Na bi, ba da son raina ba. Muka shiga mu uku da Lawwali, aka saki bargo.

"Ban ga komai ba," in ji Liman.

"Allah gafarta Malam, a ɗan jira," in ji muryar Manu daga kan gado, siririya kamar zare. "Ido ma baƙo ne a duhu. Sai ya zauna ya sha ruwa tukun."

Can sai bango ya fara motsi. Ga kukar kasuwa rassanta na kallon ƙasa. Ga wani Buzu ya ja raƙumi, suna taka rufin ɗaki. Liman ya ja da baya yana a'uziyya har ya take mini ƙafa.

"Kun gani ko!" Lawwali ya daka tsawa. "Gari guda ya tara a ɗakinsa!"

"Lawwali, da ina cin kurwa ai da na fi haka ƙiba," in ji Manu. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. "Baiwa, kin daina shigowa, amma ban yi fushi ba. Ɗauko mini tsohon faifan can mai huda, da kara biyu."

Na kawo. Ya ce in zura kara ɗaya daga sama ta cikin hudar, ɗaya daga ƙasa.

"Malam, ni ban yi karatu ba, igiya na sani. In ka ja igiyar gini ba ta san kwana ba. Wata huɗu ina kwance ina kallo, na gane haske ma haka yake tafiya. Dubi karan da ya shiga daga sama, ina ya fito?"

"A ƙasa," in ji Liman.

"Na ƙasan fa?"

"A sama."

"To shi ke nan. Hasken kan mutum ya biyo huda ya faɗi ƙasa, na ƙafarsa ya hau sama. Ba kurwa ba ce. Rana ce ke zane."

"Zaƙin baki!" in ji Lawwali. "Maye ai bai rasa magana."

"To a je ɗakin da ban taɓa shiga ba, a huda a gani."

Liman ya shafa gemu. Sannan ya ce, "Ɗakin littattafaina. Ba shi ya gina ba, kuma da hannuna zan huda."

Jama'a suka ɗunguma bayan masallaci. Aka kwantar da A'ishatu a inuwa wajen uwarta. Aka toshe ƙofar ɗakin da buzayen salla da tabarmi, Liman ya karɓi ƙarfen maƙeri ya yi ta sara har ya ɓula. Dattawa biyar suka shiga da shi, ni ma na kutsa. Muka jira. Ba jaki, ba mutum. Wani farin tabo ne kawai a bango kamar an watsa nono.

Labari ya fita waje, ihu ya tashi. "A ɗauko shi da gadon! A tsallaka da shi!"

Ban san ina da sauran gudu ba sai ranar. Na riga su isa. Na sami Rahamatu ta tallafi kan ubanta, numfashinsa na fita da ƙyar.

"Baban Rahamatu, bai fito ba! Fari kawai!"

Ya buɗe ido. "Yaya girman hudar?"

Na nuna masa dunƙulen hannuna.

"Kai, Malam! Taga ya yi. Ki liƙe da laka, ki soka tsinke ɗaya. Ɗaya tak. Yi sauri, kada rana ta karkata."

Na kwashi laka inda tulun nan ya fashe, na fita. A lungu na yi kiciɓis da su, Lawwali na gaba.

"Inna Baiwa, kauce!"

"Ba zan kauce ba. Ku ba ni gwargwadon shan fura. In bai fito ba, ni ma ku haɗa da ni, ku ce mayya ce."

Suka dubi juna, sannan suka juya suka biyo ni. Ni kaina sai da maganar ta fita na ji nauyinta.

Na koma ɗakin Liman. Na liƙe ramin da laka, na zare tsinke daga tabarma na soka, na juya shi kaɗan. Aka saki buzaye. Duhu. Wani dattijo ya yi tsaki. Na tuna maganar Manu na ce, "Ku bari ido ya sha ruwa."

Sai ga shi. Dusu-dusu da fari, sannan rangaɗau: katangar masallaci a kife, da wani ƙaton mutum ƙafa sama, yana sosa ƙeya da kuben wuƙa.

"La ilaha illallahu!" in ji Liman. "Wannan ai Lawwali ne!"

Dattawa suka tuntsire da dariya. Aka kirawo Lawwali ciki. Ya tsaya har idonsa ya saba, ya ga matarsa a kife tana yi wa ƴarsu fifita.

"To, Lawwali," in ji Liman, "ɗakina ne, hannuna ne. Ni ma in je in tsallake?"

Lawwali ya durƙusa gaban Liman. Da ya fito sai ya saɓi ƴarsa, ya nufi gidan mai magani.

Liman da kansa ya je ya gaya wa Manu. Ya zauna bakin gadon ya riƙe hannunsa.

"Manu, shekara arba'in ina karatu, ban san haske na bin layi ba sai yau."

"Ni ma sai da na karye, Malam," in ji Manu. Ya juyo da ido wajen ƴarsa. "Rahamatu, kada ki toshe ta. Ki bar yara su gani."

Bayan la'asar, kasuwar bango ta fara dushewa. Yana kallonta har ta ɓace, Liman na laƙƙana masa kalmar shahada. Kafin magariba ya cika.

Sahu bakwai aka yi masa. Lawwali ya kama ƙafar makara tun daga gida har kushewa, aka yi aka yi ya saki ya ƙi. A'ishatu kuwa ta sha jiƙon sanga-sanga, kwana uku ta tashi tana neman ƙosai. Kafin sadakar bakwai, ɗakuna huɗu a unguwarmu sun sami huda, mata na faɗa da mazansu kan ɓata bango.

Ranar bakwai ɗin da hantsi, bayan an watse, muna zaune ni da Rahamatu a ɗakin, A'ishatu na tsakaninmu tana ƙirga jakuna a bango. Sai ga wani doki ya shigo ta gefe, kofatansa na taka rufi. Mahayin na da jar hula da bindiga a kafaɗa, irin gardawan Nasara na Damagaram, wato dogarawan Kumandan, babban Baturensu. Ya tsaya daidai ƙofar gidan, muka ga ya sauka ya yi sama.

Sai sallama daga zaure, da wata murya da ba mu sani ba.

"Nan ne ake kama mutane a bango? Kumandan ya ce a zo da mai ɗakin."

Rahamatu ta dube ni, ta miƙe ta gyara ɗaurin zane ta fita. Muka rage ni da yarinyar. A bango dokin na tsaye a kife, yana kaɗa wutsiya yana korar ƙuda.