Dawar Jinjiri

An ƙona littafin Malam Nurain a bakin kasuwar Batsari ranar kasuwa da hantsi, kafin la'asar kuma marubucin ya bar garin a kan babur, ya koma gidan mahaifinsa a Safana. Ba a taɓa lafiyarsa ba. Ya bar aikinsa na koyar da Hausa a wata makarantar sakandare, da ɗakin haya, da kalma ɗaya da aka rubuta da gawayi a ƙofar ɗakin: infoma. A wannan yanki, wanda aka ce yana kai wa 'yan bindiga rahoto ba ya tsayawa jiran bincike.

Littafin ƙagaggen labari ne a kan ƙuruciyar Jinjiri Na-Dawa. Duk wanda ya tashi tsakanin Ruma da Safana ya san Jinjiri, gajeren tsohon nan na labaran kakanni, mai gurgun jaki, wanda kan shiga gari ana yunwa ya fita ana daka. Tun zamanin yaƙi da jahilci aka tattara labaransa a wani ɗan littafin karatu, yara suka haddace. Amma duk labaran da furfurarsa suka fara. Ba wanda ya ce ga inda ya fito.

Wannan giɓin Nurain ya cike. Ya kai labarin can kafin zuwan Turawa, ya mai da Jinjiri saurayi a cikin mahara masu kwana a daji, suna kore shanu suna fasa rumbuna. A babin ƙarshe ya tuba, ya ƙare rayuwarsa yana mayar wa mutane hatsin da ya ci. Hujjar marubucin ita ce sunan: Na-Dawa, mutumin dawa, wato na daji.

A rubutun boko kalmomin biyu haruffansu ɗaya. A baki suke rabuwa. In aka ja farkon kalmar, hatsi ke nan. In aka gajarta, daji. Mutanen Batsari ja suke yi, kuma a wurinsu sunan ya samo asali ne daga dawar da Jinjiri ke rabawa.

Wani ne ya karanta babi na uku ya tura muryarsa a waya, babin da mahara ke zaune bakin wuta suna ba juna labarin yunwar da ta fito da su. Muryar ta kai ga Alhaji Almustapha, dillalin hatsi, wanda 'yan bindiga suka kashe ƙanensa Mani a gona a Ruma. Ranar kasuwa ya ga Nurain zai wuce ta gaban rumfarsa.

"Malam, zo nan. Faɗi sunan."

"Wane suna, Alhaji?"

"Sunan da kake cin abinci da shi. Faɗe shi mu ji da bakinka."

Nurain ya faɗa, a gajarce.

"Kun ji ko?" Alhaji ya juya wajen masu awo. Ya damƙo hatsi daga buhu ya kai kusa da hancin malamin. "Daawa! Wadda aka tuƙa maka tuwo da ita har ka yi wannan wuyan. Duk digirin naka ba a koya maka jan baki ba?"

"Alhaji, a gidanmu haka muke faɗi. Kuma labari ne, ƙirƙira ce."

"Ƙirƙira. Waɗanda suka harbe Mani yana duƙe kan kunya, su ne ka ƙirƙiro wa kaka. Ka ce yunwa ta kai shi daji. Su ma haka suke cewa."

"A ƙarshe ai ya tuba. Da ka karanta..."

"Su ma sun sha tuba. A gaban kowa suka tuba."

Daga bayan taron wani mahauci ya ɗaga murya. "Ku tambaye shi inda ya san yadda ake ɓoye shanu a kwazazzabo. Ni da aka haifa a bakin dajin ban sani ba."

Nurain ya ce tsofaffin maharba ya tambaya, ya fara ambaton sunayensu. Ba a saurare shi ba. Aka kwaso littattafan daga teburin mai sayar da takardu, aka zuba masu fetur na kwalba.

Mai Unguwa Daudu, wanda ɗakin Nurain ke cikin unguwarsa, shi ya nemi sulhu. Ya ce akwai wadda ta fi kowa daɗewa tana ba da labarin Jinjiri, Iya Hansai, 'yar wani ƙauye a Ruma, wadda hari ya koro ta Safana wajen ɗiyarta Zuwaira. A je a ji daga bakinta. In ta ja, Nurain ya janye littafin, ya haƙura da Batsari. In ta gajarta, Alhaji ya tsaya a inda aka yi ƙunar ya ce abin da aka rubuta a ƙofa ƙarya ne. Duka biyun suka yarda, kowa yana ganin shi ne da gaskiya.

Suka je da safe. Nurain ya gai da Alhaji a ƙofar gida, Alhaji ya amsa wa Mai Unguwa. Zuwaira ta shimfiɗa masu tabarma, ta ce masu tsohuwar ta samu shanyewar ɓarin jiki tun gudun da suka yi, bakinta ya karkace, kada su daɗe. Mai Unguwa ya durƙusa ya yi doguwar gaisuwa, ya kunna wayarsa ya ajiye kusa da matashinta.

"Iya, mai gurgun jakin nan, yaya sunanshi?"

Ta daɗe tana motsa leɓe. "Jinjiri," ta ce. "Jinjiri Na-Da..." Harshen ya maƙale, sannan ya saki. "...wa."

"Ta ja!" in ji Alhaji.

"Numfashi ne ya tsaya mata," in ji Nurain. "Ba ja ba ne."

"Yaro, ka ƙaryata ni a kasuwa, yanzu tsohuwa za ka ƙaryata?"

Mai Unguwa ya ɗaga hannu. "Iya, dawa ta rumbu ko ta namun daji?"

Hansai ta dube su ɗaya bayan ɗaya da idon da ke buɗe sosai. "Mu gonarmu a cikin dajin take," ta ce. Sai ta kama hannun rigar Alhaji. "Kai ɗan Ruma ne? Rumbuna yana nan?"

Alhaji ya san ƙauyen, ya san abin da hari ya yi masa. Ya zare hannun rigarsa a hankali. Ta sake tambaya, ta fara kuka. Zuwaira ta shigo ta tsaya a kansu.

"Ya isa. Kun zo da rigimarku kun tayar mata da ciwo. Ku tashi, don Allah."

Da azahar muryar Hansai ta zagaya wayoyin garuruwan biyu. A Batsari an ji ta ja. A Safana an ji ta gajarta. Muryar ɗaya ce, ba wanda ya ce an taɓa ta.

Alhaji Almustapha ya ce ba abin da zai janye. Nurain ma bai janye littafin ba. Shugaban makarantar ya aika masa cewa in aka dawo daga hutu ba ya nan, za a ba wani ajinsa. Zuwaira ta ce ba wanda zai sake shiga wajen uwarta da waya.

Mai gidan hayar ya ce ba shi ya rubuta ba, ba kuma shi zai goge ba. Kalmar tana nan a ƙofa.