Surar da Shahad Ta Roƙa a Jirgin Mina

Jirgin ƙasan Masha'ir dai na ɗan lokaci ne, kwanakin aikin Hajji kaɗai yake tashi, sai kuma baɗi. Shi ya sa hankalin Shahad ya tashi ranar jifa ta ƙarshe. 'Yar unguwar Hindawiyya ce a Makka, jikar Hausawan da suka zo sauke farali suka zauna, kuma aiki take nema a wani gidan ɗaukar hoto a Jidda. Mai gidan ya duba hotunanta ya taɓe baki, ya ce duk ƙeya ce da lema. In tana son aiki, ta kawo masa fuska ɗaya mai rai.

To ga fuskoki nan fal a tarago, Tubarkalla! Baƙi, fari, ja, kowace al'umma da Allah ya halitta an cusa ta wuri guda, gumi ɗaya, kabbara ɗaya. Tsigar jikinta sai tashi take. Amma kunya ta hana ta ɗaga kamara.

Can ta hango wata tsohuwa a zaune jikin taga, da zanen Gobirawa a kumatu, hasken hantsi ya kwanta mata a goshi. Wallahi fuska ce! Shahad ta kutsa ta durƙusa gabanta. Hausar tata fa sai a hankali, rabi Larabcin Hijaz ne, kuma a Larabci hoto shi ne sura.

"Hajiya, don Allah ki ba ni sura ɗaya."

Tsohuwa ta dube ta, idonta ya kawo ruwa. "Ikon Allah! Ɗiyar Makka na roƙon sura wurina? Ni da ko allo ban gama ba?"

Kafin Shahad ta gyara zancen, tsohuwa ta gyara zama, ta lumshe ido, ta yi Bisimilla ta kama Alam Nashraha. Muryar siririya ce, tana rawa, da karin karatun ƙauye. Wata Ba'indonisiya da ke gefe ta bi ta a hankali. Wani dattijo Baturke ya kama. Kan ka ce me, hayaniyar taragon ta mutu, sai sura ɗaya ke fita daga bakunan da ba sa jin yaren juna. Shahad ta tashi a garin nan, Harami kamar tsakar gidansu, amma ba ta taɓa jin tsoron Allah ya kama ta haka ba.

Jirgi ya fara rage gudu, tashar Jamarat ta matso. Da ƙofa ta buɗe, taro zai haɗiye tsohuwar nan. Haske na nan, fuska na nan, yatsan Shahad na kan madanni.

Tsohuwa ta buɗe ido. "Ta ishe ki, ɗiyata, ko in ƙara maki?"

Shahad ta mayar wa kamara murfinta.

"Ƙara mini, Hajiya."