Mai Furar da Ta Zo Daga Wurno

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, kuma ko a aji ba a cika jin muryata ba. Amma abin ga na gani da idona, ya ƙi bari na in yi shiru.

Salima ƙawata ce a makarantarmu ta 'yan mata a Wurno. Da can babu mai kamo ta a tsere. Bara babur ɗin kabu-kabu ya kayar da ita, ƙafar hagu ta karye, anka kai ta Rabah wurin mai ɗori. Ƙafar ta warke, sai dai ta bar mata ɗingishi kaɗan, har wasu na kiranta Tafiyar Agwagwa.

Da anka sa gasar dogon gudu ta makarantu a Goronyo, Salima ta ce sai ta shiga. Ba ta neman ta ɗaya. Buƙatarta guda ce: ta kai ƙarshe da gudu, ba tare da ta koma tafiya ba ko taki ɗaya. Ta ce in ta tsaya, to ta yarda da sunan nan, kuma ta bar gudu ke nan. Ni kuwa Malama Nafisa ce ta jefa ni ciki don yawanmu bai cika ba.

Salima ɗiyar fari ce, kuma uwarta, Inna Kaltume, Bafulatana ce ta gaske. Ba ta faɗin sunanta, ba ta yabonta, ko ranar da ƙafar ta karye, a bayan ɗaki ta yi kukanta. Da Salima ta gaya mata zancen gasar, cewa ta yi ita mi ya haɗa ta da guje-gujen yara.

Anka busa usur, munka zabura. Ba a jima ba kowa ya tsere mana, ya rage Salima a gaba, ni a baya ina haki. Hanyar ta bi gefen magudanar da ke kawo ruwa daga madatsa, gonakin albasa hagu da dama. A nan na ga ƙafar ta fara ja. Kanta ya sunkuya, hannuwanta sunka saki.

Sai na hango wata mai fura a gindin mangwaro, ta ja mayafi har goshi. Ba ranar kasuwa ba ce, kuma babu mai sayen fura a wurin. Inna Kaltume ce. Salima ta wuce ta ba ta lura ba, ita ko ta kau da kai kamar tana duban albasa. Da na iso ta yafuto ni.

“Ke ɗiyar Maigandi,” ta ce a hankali, “raɗa wa waccan, ki ce ana kallonta. Kar ki ce ni ce.”

To, ita raɗa tana buƙatar numfashi da kusanci, ni kuwa ba ni da ko ɗaya. Na buɗe baki, murya ta fito wadda ban san ina da ita ba.

“Salima! Innarki ta zo! Tun daga Wurno, ga ta can da fura!”

Manoman albasa sunka ɗago. Inna ta rufe fuska da faifai. Salima ta waiga, ta gan ta, ta tuntsire da dariya tana gudu, hawaye na zuba. Kanta ya miƙe.

Na samu na kamo ta. Daga nan ban san mi nike faɗi ba. Na kira ta barewa, na kira ta ɗiyar Kaltume, na rantse mata cewa agwagwa ma in ta samu ruwa ba a cim mata. Manoman sunka kama tafi. Wani daɗi ya cika mini ciki har na manta da hakina.

Salima ta tsallake layin ƙarshe da gudu, ni ina bayanta, ta ƙarshe a gasar duka.

Can sai ga Inna ta iso. Ta dama fura, ta miƙa wa Malama Nafisa ba ta dubi kowa ba, ta ce a ba waccan ta sha, tun da ba a samu masu saye ba. Sa'an nan ta tambaya ina ɗiyar nan mai bakin shela.

Kowa na rungumar Salima. Na ɗauki takalmana a hannu, na sulale ta bayan motar makaranta kafin Inna ta gan ni.